Wasiƙun Kawu da Aka Ƙona a Suwaidi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya riga mu komawa wata ranar Talata da hantsi a kasuwar Utaiƙa, hannunsa na kan baron kankana. Aka sallace shi bayan la'asar, aka kai shi makwanci a ƙasar da ya zo yi wa aiki tun ina goye. A nan Riyad ba a rubuta suna a kan kabari, dutse kawai ake kafawa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don kada a manta da shi, kuma don kada a manta da abin da aka yi masa.

Ɗakinsa ƙarami ne, a bayan kantin wani ɗan Yaman, don haka masu ta'aziyya suka cika shi suka malala har lungu. Mutanen garinmu na Filato da ke aiki a Riyad kusan duk sun zo, direbobi da magina da masu gadi. Shugaban ƙungiyarmu ya shigo da kwalin dabino da fulas ɗin gahawa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ba ku kaɗai kuka yi rashi ba. Uba muka rasa." Malamin da ke ja mana karatu ranar Juma'a ya zauna a kan tabarmar Kawu yana ta nanata cewa marigayi mutum ne mai haƙuri, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na zuba masa ido, ya kawar da kai yana gyara hula. Tun da Kawu ya koma wannan ɗaki, babu ɗayansu da ya taɓa taka tabarmar nan sai ranar.

Waɗanda suka san ɗakin ba su yi surutu ba. Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, abokin turin baronsa, ya rakuɓe a bakin ƙofa cikin kayan aikinsa, ba ya cewa komai sai "Allah ya jiƙan bawan Allah." Akwai 'yan dako 'yan Bangaladash da suka tsaya a waje don ba su san yadda ake zaman makokinmu ba. Mai kantin ya rufe kantinsa, abin da ba ya yi sai lokacin sallah.

Sai ga mijin Yaya. Yaya ita ce 'yar Kawu ta fari, taubashiyata, tana can gida da 'ya'yanta. Mijinta ya shigo cikin farar jallabiya mai guga, makullin mota a hannu, tun daga bakin lungu ake jin kukansa. Ya zube a gabana ya kama hannuwana.

"Baba ya tafi ya bar mu! Wa zai riƙe mu yanzu?"

Na zare hannuwana na goge su a jikin wandona, a gaban kowa. Shugaba ya ce, "A yi haƙuri, zafin rashi ne." Ba zafin rashi ba ne. Makullin da ke hannunsa na motar da Kawu ya saba tuƙawa ne.

Bari in faɗi wane ne Kawu tukuna.

Direba ne a gidan wani attajiri a unguwar Suwaidi, kuma a wannan gida ɗaya ya yi ƙuruciyarsa ya yi furfurarsa. A lokacin ɗakinsa na jikin get ɗin gidan. Ya kai 'ya'yan gidan makaranta har suka girma, ya dawo yana kai nasu 'ya'yan. Suna kiransa ammi, wato baffa. A titunan Riyad, inda kowa ke danna hon tun fitila ba ta gama canzawa ba, Kawu ba ya taɓa hon. In na yi masa magana sai ya ce, "Wanda ke gabana ai ya san yana gabana." Shayinsa babu sukari, karin kumallonsa burodin tamis da wake, kuma ba ya ci shi kaɗai. In babu kowa sai ya leƙa titi ya kirawo mai shara. Yana da zafin rai, kada wani ya ce maka ba shi da shi. Idan ransa ya ɓaci jijiyar goshinsa takan tashi, sai ya cusa hannuwansa a aljihu ya yi shiru har ta kwanta.

Aljihun gaban rigarsa ba ya rabuwa da biro. Safiyar Juma'a, kafin a tafi masallaci, yakan shimfiɗa takarda a kan murfin akwatinsa ya yi ta rubutu da Turancin da ya koya a makarantar horon malamai, wadda bai gama ba. Da na zo Riyad na fara aikin wutar lantarki, dariya na yi masa. Na ce, "Kawu, duniya ta koma waya, kai kana nan kana lasar kan sarki." Ya ce, "Maganar waya tana isa tun raina yana ɓace. Wasiƙa kuwa kafin in kai ta gidan waya na huce, in ban huce ba in yage ta."

Ga asalin wasiƙun. Shekarar da rikici ya ɓarke a garinmu tsakanin mutanenmu da maƙwabtanmu Kiristoci, aka kashe ɗansa namiji tilo a hanyar gona. Kawu yana nan, fasfonsa a hannun maigida, ko gawar bai gani ba. A lokacin mutanenmu na Riyad suka fara haɗa gudunmawa a ɓoye don a aika wa samari su nemi abin ramuwa, kuma Kawu ne kan gaba. Shi da bakinsa ya ce min, "Da an danƙa min unguwar nan a makon nan, da ko kaza ba ta tsira ba."

A garejin da yake kai motar gidan akwai wani makanike ɗan Kenya, sa'ansa. Ya ga Kawu ya rame, ya tambaye shi. Kawu ya gaya masa, har da cewa Kiristoci ne suka yi, 'yan addinin makaniken. Mutumin bai kare kowa ba, bai kuma yi wa'azi ba. Ya ajiye sifana, ya jawo tsofaffin tayoyi, suka zauna. Da ya buɗe baki sai ya ce shi ma an sare ƙanensa a rikicin fili a ƙasarsu, ya san gidan wanda ya yi, ta ƙofarsa yake wucewa duk lokacin da ya je hutu.

Kawu ya ce, "Kuma ka bar shi?"

Ya ce, "Kullum gari ya waye sai na sake barinsa."

Makaniken ɗan wata ɗariƙar Kiristoci ne da ake ce wa Kweka, su kuma suna kiran junansu Abokai. A aƙidarsu ba a ɗaukar makami, ko a yaƙi ko a ramuwa. Kawu ya yi ta komawa garejin ko da motar lafiyarta lau. Ranar da aka zo karɓar gudunmawarsa ya ce ya fasa. Bai tsaya nan ba, ya miƙe a taron ƙungiya ya ce duk wanda ya aika, to ya sani ɗan wani zai kashe, irin nasa. Aka yi masa caa. Shugabanmu na yanzu, a lokacin matashi ne, ya ce masa ashe jinin ɗansa bai dame shi ba. Tun daga ranar mutanenmu suka riƙe shi a rai, ko da suna gaishe shi.

Da ɗan Kenya ya gama kwantiraginsa ya koma gida, sai hira ta koma takarda. Shi ya haɗa Kawu da wata tsohuwar Baturiya 'yar ɗariƙarsu a Ingila, wadda ta taɓa koyarwa a Arewa tana budurwa, ta kuma ƙare rayuwarta tana tsayuwa da kwali a ƙofar masu ƙera makamai. Kawu yana ce mata Gwaggo. Kowace wasiƙa takan fara ta da 'yar Hausar da ta rage mata: "Sannu da aiki, ina gajiya." Su ukun juya takarda suke, wannan ya rubuta, wancan ya ƙara nasa a ƙasa ya tura gaba. Ba manyan maganganu ne kullum ba. Akwai ciwon gwiwarta, akwai masarar ɗan Kenya da tsutsa ta cinye, akwai zafin Riyad. Amma a ciki suke shawarar yadda za a zaunar da mutanen da suka kashe wa juna 'ya'ya a inuwa ɗaya, wa zai fara magana, me za a yi in wani ya tashi da zagi. Daga takardun nan Kawu ya sami ƙarfin halin da ya sa, da ya je hutu, ya tsallaka rafi shi kaɗai zuwa unguwar Kiristoci, ya yi wa wata mata ta'aziyyar ɗanta da samarinmu suka kashe. Ta bar shi tsaye a rana, ko sallamarsa ba ta amsa ba. Hutu na gaba ya koma. Ta ba shi kujera.

Yakan tsokane su. 'Yan Kweka na Kenya waƙa suke a ibadarsu, na Ingila kuwa zama suke shiru, sai Kawu ya rubuta musu cewa su fara daidaita kansu kafin su zo daidaita Filato. Su kuma ba su taɓa ce masa ya bar addininsa ba. Gwaggo ce ma take tuna masa azumi ya ƙarato, ya kula da jikinsa.

Sun taɓa ɓatawa. Gwaggo ta rubuto cewa lokaci ya yi da zai so waɗanda suka kashe ɗansa. Ina ɗakin ya karanta. Jijiyar ta tashi. Ya ce, "Tsohuwar nan ba ta taɓa haihuwa ba, balle ta san rashin ɗa." Haka ya rubuta mata, kuma wannan karon bai yage ba. Watanni suka shuɗe babu takarda tsakaninsu. Sannan amsarta ta zo, gajeruwa. Ta ce ya yi gaskiya, ta ɗora masa kayan da ita ba ta taɓa ɗagawa ba, ya yafe mata. Kawu ya ninke takardar ya ce, "Ita kam na yafe mata." Da ta rasu, 'yar ƙanwarta ce ta aiko da labari. Ya ɗaure wasiƙunta daban da zare ya sa a ƙasan akwati. Ko hotonta ba shi da shi. Rubutun hannunta kaɗai ya sani nata.

Yanzu mijin Yaya. Kawu ne ya roƙi maigidansa ya nemo masa biza, don Yaya ta huta da zaman banzansa. Shi ya tarbe shi a filin jirgi, ya ba shi katifarsa ya koma tabarma. Ya koya masa hanyoyin Riyad a ranakun hutu, ya tsaya masa har ya sami lasin. Aikin da aka samo masa na gini ne, a rana. Kullum cikin ƙorafi yake: shi yana soyuwa, tsoho yana shan sanyin mota.

Tsohon maigidan ya rasu, babban ɗansa ya karɓi gida. Ba a daɗe ba, wata rana Kawu ya kai uwargida asibiti, sai mijin Yaya ya buɗe ɗakin da makullin da Kawu ya ba shi da hannunsa, ya kwashi wasiƙun ya kai wa sabon maigida. Ya ce surukinsa ya bar Musulunci a ɓoye, 'yan mishan ne ke juya shi, shi kuwa tsoron Allah ne ya hana shi yin shiru, ga yara ƙanana da tsohon ke kaiwa makaranta.

Kawu da kansa ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya dawo ya tarar da takardunsa zube a tsakar gida kusa da murhun gashin nama. Maigidan, yaron da Kawu ya sha share wa majina a kujerar baya, ya ɗaga hoton ɗan Kenya tsaye a ƙofar cocinsu.

"Ammi, su waye waɗannan?"

"Abokaina ne."

"Kiristoci ne?"

"Kiristoci ne. Ka samo mai karanta maka, ka ji abin da ke ciki."

"Ba na buƙata. Khalas, magana ta ƙare."

Ya zuba su a murhu ya yayyafa fetur. Kawu ya kai hannu zai ciro ƙunshin Gwaggo, wuta ta lashe masa yatsu, bai tsira da ko ɗaya ba. Mijin Yaya yana tsaye a jikin get, kansa a ƙasa. Maigida ya ce albarkacin mahaifinsa ba zai kai maganar gaba ba, amma Kawu ya bar gidan kafin magariba. Ya mayar da iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, hannun wani dillalin kayan gwari a Utaiƙa. Kafin mako ya zagayo mijin Yaya na kan kujerar direba.

Na ce wa Kawu ya koma gida. Ya ce ba zai sauka a Filato da sunan ridda a kansa ba, kuma in ya koma Yaya za ta dubi fuskarsa ta gane. An gaya mata idon babanta ne ya raunana, shi ya sa ya bar wa mijinta mota, Kawu kuma ya hana kowa ƙaryatawa. Shugaba shi ma ya ce a bar maganar a Riyad, wai abin kunyar gari ne.

Mutanenmu kamar jira suke. Babu wanda ya tako ya tambaye shi ko gaskiya ne. A wata walimar suna da aka yi a unguwar Ulaisha, Kawu ya zauna a bakin farantin kabsa, dafa-dukar Larabawa, sai mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa wani faranti, har aka bar ni da shi da tulin shinkafa. Ya ci abincinsa a natse, ya turo min cinyar kaza ya ce, "Ci, ɗana, yau nama namu ne." Amma a hanyar komawa bai fitar da hannuwansa daga aljihu ba. Malam kuwa karatu na musamman ya yi kan masu abota da kafirai. Bai ambaci suna ba. Kowa dai ya waiwaya.

Ni ban zauna ba. Na bi mijin Yaya har na gano cewa in ya sauke yara a makaranta, unguwar Batha yake wucewa ya yi kabu-kabu da motar gidan. A nan wannan babban laifi ne, maigida zai kore shi, hukuma ta tasa ƙeyarsa gida. Na ɗauki hotonsa a waya yana lodin fasinja, na nufi kasuwa da rana tsaka. Na sami Kawu ya jiƙe sharkaf da gumi yana tura baron albasa, mutumin da ya haura sittin.

Na ce, "Kawu, ga shi Allah ya kawo mana shi. Turawa kawai zan yi."

Ya daɗe yana kallon hoton. Wallahi na ga daɗi a fuskarsa, da idona na gani. Sannan ya miƙo min wayar.

"Ba za ka tura ba."

"Ka yafe masa ke nan? Bayan ya mai da kai jakin kasuwa?"

Ya saki baron har albasa ta watse. Ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba sai ranar.

"Wa ya ce maka na yafe? Ban yafe ba! Duk sallar da na tayar sai na ga wutar nan. Ni da shi sai gaban Allah, kuma can ba zan rage masa komai ba. Amma na yi wa mutum biyu alkawari, ɗaya tana kabari, cewa hannuna ba zai rama ba. Kai kuma hannuna ne muddin ina numfashi."

Na ce ashe alkawarin da ya yi wa baƙi ya fi masa mutuncinsa. Ya ce, "Tsince min albasata." Na tsince. Hoton kuwa ban goge ba.

Bai daina rubutu ba. Ya koma amfani da akwatin gidan waya na mai kanti. Da ɗan Kenya ya ji abin da ya faru, ya rubuto cewa shi ya jawo masa, in daina rubutun zai sa a ƙyale shi to su daina. Kawu ya amsa masa cewa an raba shi da mota an raba shi da Gwaggo, ba zai miƙa musu na ukun da kansa ba.

Mutumin Maraɗi ne ya ba da labarin ƙarshensa, a wurin makokin, da wani ya tambaya. Ya fara da cewa lokacin da bayansa ya riƙe, Kawu ne ya riƙa tura baro biyu, nasa da na abokinsa, don kada dillali ya ɗauki wani a gurbinsa. Sannan ya ce, "Ranar ya ce min kansa na juyawa. Na ce zauna. Ya ce bari ya kai wannan lodin. Ya yi 'yan taku sai ya durƙusa, ya jingina goshinsa da baron. Na riƙe shi yana kalmar shahada, da ƙarfi, har 'yan kasuwa suka ji." Ya ɗaga kai ya bi mutanen ɗakin da kallo. "Na ce har 'yan kasuwa suka ji."

Ranar tashin makoki Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa, ko mene ne ya aikata a ɓoye, tsakaninsa da Ubangijinsa." Aka ɗauka, "An yafe, an yafe."

Na miƙe na ce, "Malam, ku ne za ku yafe masa?"

Ban jira amsa ba. Na yafito mijin Yaya muka fita lungu, na nuna masa hoton. Hawayen da yake ta zubarwa suka tsaya cak.

Na ce, "Kawu ya ɗaure min hannu yana raye. Yanzu ya kwanta. Ka zaɓa. Ko ka shiga ka faɗi gaskiya a gaban mutanen nan, gobe ka maimaita a gaban maigidanka, ko in tura wannan yanzu kana kallo."

"Don girman Allah, ka dubi zumunci."

"Wanda ka duba?"

"In na faɗa masa korata zai yi."

"Wataƙila. In na tura kuwa da ankwa za ka tafi."

Ya shiga. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana kallon tabarma, ya ce shi bai iya karanta Turanci ba, ko layi ɗaya bai san abin da ke cikin takardun ba. Ya ce bai taɓa ganin Baba ya bar sallah ba, shi ne ma ke tashinsa da asuba. Mota yake so. Na ce, "Ɗaga murya, na waje ba su ji ba." Ya maimaita. Na juya ga Shugaba da Malam da sauran na ce, "Shi mota yake so. Ku me kuke so? A cikinku wa ya taɓa tambayarsa?" Na ɗauki kwalin dabinon na fitar da shi lungu, na ce makoki ya ƙare. Malam ya gyara murya zai rufe da addu'a, mutumin Maraɗi ya riga shi, ya ja Fatiha daga bakin ƙofa. Shi aka bi.

Washegari na raka shi Suwaidi. Maigida ya saurara a tsaye a tsakar gidan nan, kusa da murhun. Da mijin Yaya ya gama, fuskar mutumin ta sauya, ya zauna a bakin matakala. Can ya dube ni ya ce, "Me kake so in yi? Faɗi ko mene ne."

Na ce, "Abin da ka ƙona."

Ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Na fito na bar shi haka. Kafin wata ya mutu an buga wa mijin Yaya takardar fita daga ƙasar, ba dawowa. Hoton ban tura ba, na cika maganata. Tun a lungu na san ba sai na tura ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, kuma har yanzu ina ji. Wasu sun ce na ci mutuncin zaman makoki. Wasu sun daina gaishe ni, wasu kuma sun fara zuwa ɗakina da fuskar nadama suna ba ni labarin kirkin Kawu, kamar ni ne ban sani ba. Duka ɗaya suke a wurina.

Na rubuta wa ɗan Kenya da biro da takarda, na sanar da shi rasuwar, na kuma gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba. Amsarsa ta zo da rubutun tsoho mai karkarwa. Ya ce ya rufe garejinsa ya yi kuka a gaban yaransa. Ya ce kawuna ba zai yi abin da na yi ba, shi ma ba zai yi ba, kuma ba zai ce na kyauta ba. Amma ba shi ya ɗauko gawar daga kasuwa ba, don haka ba zai yi min wa'azi ba. Ya ce duk wasiƙun da Kawu ya rubuta masa suna nan a ajiye, kuma haƙƙin 'yar Kawu ne, in aiko masa da adireshinta.

Yaya ni na kira ta na gaya mata komai, tun daga murhun har baron. Ba ta yi kuka a wayar ba. Ta ce, "Na ji," ta kashe. Ba ta sake nemana ba sai ranar da mijinta ya sauka.

Ta ce, "Yana ƙofar gida tun hantsi, shi da jakarsa. Ya aiko dattawan unguwa har sun gaji sun tafi."

Na ce, "Yaya, me za ki yi?"

"Na aika masa da ruwa. Rana ta yi zafi, Baba ba zai hana shi ruwa ba."

"Ƙofar fa?"

Ta ce, "Ƙofar tawa ce, ba ta Baba ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya haɗa shi da ɗansa. Waɗanda suka zame daga farantinsa kuwa, Allah ya isa.